Daga bariki zuwa kamfani: kurakuran da sojojin tsaron intanet suka fi tafkawa in sun tuɓe kaki

Ɗan'uwa, in ka yi shekaru kana gadin kwamfutocin soja, kana kwana gaban sikirin kana bin sawun 'yan dandatsa, to ba ƙarancin ilimi ne zai ba ka wahala ba ranar da ka tuɓe kaki. Ilimin kam kana da shi, ƙila ma ka fi wanda zai yi maka intabiyun. Abin da ke kayar da mutane shi ne sun fito daga bariki amma barikin bai fita daga kansu ba, sai su shiga kamfani suna jira igiya ko aninin da ke kafaɗarsu jiya su yi musu magana yau.

Tun daga CV ake fara ɓarin. Mutum zai cika takarda da lambobi da gajerun sunaye na gidan soja, misali a sojan ƙasa na Amurka wanda ya rubuta 17C duk abokansa sun san ƙwararren aikin intanet ne, amma ma'aikaciyar da ke tace takardu a kamfani ita ba ta san ko lambar ɗaki ba ce, kuma sau da yawa kafin ma ta gani wata manhaja ce ke fara tacewa, tana neman kalmomin da aka sa a tallar aikin, in ba ta samu ba ta tura ka ƙasan layi. Gyaran ba wuya. Ka ɗauko tallar aikin, ka ga kalmomin da suka yi amfani da su, ka faɗi aikinka da bakinsu: kwamfuta nawa ka kula da su, mutum nawa ne a ƙarƙashinka, in an kawo hari cikin wane lokaci kuke ganowa ku toshe. Jerin lambobin yabo kuma ka rage, layi ɗaya ya isa.

Sai batun sirri, nan ana kuskure ta fuska biyu. Akwai wanda duk tambayar da aka yi masa sai ya ce ba zai iya faɗa ba, sirri ne, to a kan me za a ɗauke ka? Akwai kuma wanda don ya burge sai ya saki baki ya faɗi abin da zai iya kai shi kotu. Tsakiya ake bi, ka faɗi irin aikin da yadda kake tunani in matsala ta taso, ka bar sunan wanda aka yi wa da inda aka yi da kayan da aka yi da su. In gidan da ka baro suna da ofishin duba rubutu kafin a fitar, kai musu CV ɗin, waɗanda suka yi aiki a NSA, hukumar leƙen asirin sadarwa ta Amurka, ma dole ne a kansu. Kuma don Allah kar ka rubuta matakin izininka na ganin bayanan sirri ɓaro-ɓaro a LinkedIn, shafin masu neman aiki, a 2021 MI5, hukumar leƙen asirin cikin gida ta Ingila, ta ce aƙalla 'yan ƙasar dubu 10 aka tuntuɓa cikin shekara biyar ta shafukan bogi masu alaƙa da ƙasashen da ba sa ga maciji da su, galibi da sunan za a ba su aiki mai tsoka. Tsohon soja mai neman aiki ai shi suke farauta.

Satifiket ma abu biyu ne, wani ya raina shi ya ce ni da na yi abin a zahiri me zan yi da takarda, wani kuma ya bi ya tara guda goma ba alƙibla. Ka fara yanke inda ka nufa tukuna. Satifiket ɗin Security+ na shiga ƙofa ne, wato na masu farawa. Na CISSP kuma yana neman gogewar shekara biyar a fanni biyu cikin fannonin tsaro takwas, kuma shekarunka na soja suna shiga lissafi, mutane da yawa ba su san wannan ba. In gwajin kutse kake so, wato kamfani ya ɗauke ka ka gwada kutsa masa don a gano rauni, OSCP ne, jarrabawar hannu ce ta kusan awa 24. Ɗaya ko biyu da suka dace sun fi tari. Babban kuskuren ma shi ne jira sai an sallame ka sannan ka fara shiri, alhali kana ciki ne ake da tallafin. A Amurka shirin SkillBridge yana ba soja damar yin kwana 180 na ƙarshe yana koyon aiki a kamfani albashinsa na soja na tafiya, Ingila kuma suna da Career Transition Partnership. Izinin sirrin ma ba ya jiranka, a Amurka in ka yi shekara biyu ba ka yi aiki da shi ba galibi sai an sake sabon bincike. Ka tambayi abin da rundunarku ke da shi tun saura shekara guda.

Amma ni a ganina duk waɗannan ƙanana ne, wanda ya fi cin mutane shi ne wannan: a bariki in aka ce a toshe ɓarakar nan yau, yau ɗin za a toshe, oda ce. A kamfani kuwa za ka je wa manaja da gaskiyarka tsirara, ka ce sabar nan, babbar kwamfutar da ke riƙe da aikin kamfani, tana da rauni a kashe ta a gyara, ya dube ka ya ce ba wannan satin ba, ciniki ake yi, in aka kashe ta awa uku asarar ta fi abin da kake tsoro. Sai ka ji ranka ya ɓaci, ka fara ganin mutanen nan ba su san abin da suke yi ba. Sun sani fa. Su kuɗi suke nema, tsaro kuma a wajensu kuɗi yake ci, don haka akwai haɗarin da za su gani da idonsu su sa hannu su ce mun yarda za mu zauna da shi, kuma ba laifi ba ne a tsarinsu. Aikinka ka gaya musu me za a rasa, nawa ne, yaya yiwuwarsa, nawa gyaran zai ci, ka ba da zaɓi biyu ko uku, ka rubuta abin da aka yanke, shi ke nan. Lallashi ne aikin ba tsawa ba, kuma yaron da ke haɗa manhaja zai iya ce maka a'a ba abin da zai same shi. Don ka iya wannan maganar sai ka san abin da ke hana su barci, wato ƙa'idojin tsaron bayanai irin su ISO 27001, tsarin hukumar NIST ta Amurka da ya fito a 2014 aka sabunta a 2024, PCI DSS ga masu karɓar kuɗi da kati, da dokar GDPR ta Turai da ta ce a sanar da hukuma cikin awa 72 in bayanan mutane sun fita, tararta kuma tana iya kai kashi 4 cikin 100 na cinikin kamfani na shekara. Ka kuma zauna ka koyi AWS ko Azure, wato kwamfutocin haya ta intanet na Amazon da Microsoft, don yawancin cibiyoyin soja a killace suke, kayan kamfani kuwa a can suke zaune.

Muƙami da albashi kuma, manjo yana fitowa yana neman kujerar darakta alhali bai taɓa riƙe kasafin kamfani ba, sajan kuma da ya fi kowa iya aiki yana karɓar tayin farko yana godiya saboda bai saba ciniki a kan albashi ba. Ka lissafa alawus na gida da asibiti da duk abin da ake yi maka kyauta da, ka ɗora a kan albashin, sannan ka san ko tayin ya kai.

Na ƙarshe ga waɗanda suka yi aikin kai hari. Izinin da kake da shi na gwamnati ne, ranar da ka miƙa katinka ya tsaya. Shiga kwamfutar wani ba izini laifi ne ko da niyyarka taimako ce, Amurka na da doka a kai tun 1986, Ingila tun 1990. In hannu na ƙaiƙayi ga Hack The Box ga TryHackMe, shafukan da aka yi don atisayen kutse da izini, in kuma aikin gwaji aka ba ka kar ka taɓa komai sai da takardar izini da ta faɗi iyakar inda za ka tsaya. Ka kuma binciki wanda zai ɗauke ka, musamman in kuɗin ya yi yawa kuma a wata ƙasa ne. A watan Satumba 2021 wasu Amurkawa uku, tsofaffin ma'aikatan leƙen asiri da soja, sun amince za su biya sama da dala miliyan 1.6 saboda aikin kutse da suka yi wa wani kamfani a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, aka kuma haramta musu sake samun izinin sirri na Amurka har abada.