Yadda ake rage wa zaren nailan saurin kama wuta

Duk wanda ya yi hunturu a Jos ya san kaskon garwashi a tsakar ɗaki, yara sun kewaye shi sanye da rigunan sanyi na nailan. Na taɓa ganin hannun irin rigar nan ya lashi garwashi a gidan maƙwabtanmu a Gangare. Bai tashi da harshe kamar auduga ba, narkewa ya yi ya manne a fatar yaron, tabon yana nan har yau. Shi ya sa nake son masu masana'antar zare da igiya su san cewa maganin wutar nailan a cikin narkakkiyar robar ake zuba shi, tun kafin ta zama zare.

Da farko ka san irin nailan ɗin da ke hannunka. Nailan 6 yana narkewa a wajen digiri 220 na Salshiyas, nailan 6,6, wanda Wallace Carothers ya haɗa a kamfanin DuPont a 1935, sai ya kai kusan 260. Wannan ne zai nuna maka sinadarin da zai jure zafin injinka.

Sai zaɓen sinadarin. Melamin sayanuret, idan ya ji wuta, yana shanye zafin ya saki iskar da ba ta cin wuta, ya shaƙe harshen. Akwai kuma na dangin fosfaras, irin su fosfinet na alminiyam, wanda ke katse wutar ya bar ɓawon gawayi a saman robar. Ni dai ban son na buromin, hayaƙinsa mugu ne, ga shi an sa wani nau'insa cikin waɗanda yarjejeniyar Stockholm, ta ƙasashen duniya kan sinadarai masu guba, ta hana a 2017.

Kada ka tsallake busarwa. Nailan mashayin danshi ne, balle a daminar Jos da komai ke yin laima. A shanya 'ya'yan robar a na'urar busarwa a digiri 80 na tsawon sa'o'i. In ba haka ba ruwan zai lalata robar a cikin inji, zaren ya fito da kumfa yana tsinkewa.

Nan aikin yake, wato cakuɗawa. Garin sinadarin ya zama mai laushi ƙwarai, domin ramukan da zaren ke bi sun yi sirin gashi, gudaji ɗaya ya isa ya toshe su. A fara haɗa shi da robar kaɗan a injin cakuɗa roba mai sanduna biyu masu murɗawa a yi masa kauri, sannan a gauraya da sauran. Fara da kamar kashi 5 cikin 100, kana ƙarawa sannu a hankali. Ka cika hannu, zaren ya rasa ƙarfi, masaƙa su dawo maka da kaya.

Bayan an ja zaren an saƙa, yanko ƙyalle ka rataye shi a tsaye a fili, bokitin ruwa a gefe, ka ajiye auduga a ƙasa. Kanga masa wuta daƙiƙa 12 ka janye. Duba ko ya mutu da kansa, da kuma ko ɗigon ya kunna audugar. Idan za a haɗa zaren da auduga a saƙa, a gwada haɗin daban, don auduga tana riƙe narkakken nailan ya ci gaba da ci. Sannan ka wanke ƙyallen da sabulu sau da yawa, ka shanya, ka sake kanga masa wutar.