Kurakuran da 'yan'uwan ɗaurarru suka fi tafkawa

Ranar da aka wuce da mutum gidan yari, 'yan'uwansa ne suke fara ruɗewa, kuma a cikin ruɗewar nan ake yin ɓarnar da za a daɗe ana biyanta. Na gaji da ganin sababbin shiga suna faɗawa inda na gabansu suka faɗa, shi ya sa na zauna na rubuta wannan.

Babban kuskure shi ne amincewa da mai hanya. Ba a taɓa rasa shi a bakin kotu ko a ƙofar gidan yari. Shi ne ya san alƙali, ya san na sama, a kawo kaza kawai gobe yaro ya kwana a gida. Mu ma irinsa ya wanke mu. Ya karɓe abin da ya isa a biya lauya har ƙarshen shari'a, muka zauna jiran wayarsa, ita kuwa shari'ar ana ta ɗage ta babu mai bibiya. Asarar kuɗin ba ta kai ta watannin ciwo ba. Ku gane wannan tun yau: takarda ce ta shigar da naku, takarda ce za ta fitar da shi, ko ta beli, ko ta sallama, ko ta cikar wa'adi, ko ta afuwa. Gandiroba ajiya aka ba shi, ba shi da ikon saki. Duk wanda ya ce zai fitar da mutum ba ta hanyar doka ba, ko dai ɗan damfara ne, ko kuma yana shirin jefa ku cikin laifin ba da cin hanci, ana kukan targaɗe ga karaya.

Abin da nake yi shi ne littafi guda. A ciki akwai lambar ƙara, sunan kotu, laifin da ake tuhuma da sashen dokar, ranar zama na gaba, da sharuɗɗan beli in an bayar. Mutum ɗaya a gida ne zai riƙa magana da lauya, ba kawu ya kira da safe, inna ta kira da yamma, kowa da umarninsa ba. Duk kuɗin da ya fita, a karɓi rasit. Duk ranar zama, wani naku ya kasance a kotu, domin fayil ɗin da ba shi da mai tambaya shi ne yake kwana a ƙasan tebur. In babu halin ɗaukar lauya, a nemi ofishin da ke ba da lauya kyauta, ƙasashe da yawa suna da shi. Kuma a bambance mai jiran shari'a da wanda aka yanke wa hukunci. Kusan ɗaya cikin uku na fursunonin duniya ba a yanke musu hukunci ba, doka kuma tana kallonsu a matsayin marasa laifi. Na farko beli da saurin shari'a ne damuwarsa. Na biyu kuwa ɗaukaka ƙara, wadda take da ƙayyadadden wa'adi. In aka tsaya jimami ya wuce, sai an roƙi kotu, kuma tana iya ƙi.

Kuskure na biyu, wato yanke ziyara, ya fi ba ni haushi. Makon farko dangi kaf sun zo, ana kuka, ana rantsuwa ba za a bar shi ba. Bayan wata uku, tsit. Haba jama'a! Kun san yadda yini yake a ciki? A ƙidaya su, a buɗe, a ci abinci, a sake ƙidayawa, a kulle, gobe ma haka. Ranar ziyara da ita yake lissafin kwanakinsa. Ka ce masa za ka zo Asabar, ya yi wanka, ya kasa kunne ko za a kira sunansa har aka tashi, kai kuma kana can ka manta, sai ka ce ai uzuri ne ya taso. Kada ka ɗauki alkawarin da ba za ka cika ba. Gara ka ce sau ɗaya a wata ka riƙe shi shekara biyar, da ka ce kullum ka gaji a wata biyu. Zumunta a ƙafa take, to a raba tafiyar: wannan watan wane, wancan watan wance. In nisa ya hana, wasiƙa tana aiki fiye da yadda kuke zato, don ita ana ajiye ta a sake karantawa. Kuma in kun je, ku bar maimaita masa laifinsa, ya fi ku saninsa. Ku ba shi labarin gida, ku nemi shawararsa a kan karatun yara, ya ji har yanzu ana lissafi da shi.

Sai kuɗi. A ciki ana cin bashi, kuma wanda aka gane gidansu na turowa ba ƙaƙƙautawa shi ake matsa wa. Ni ƙa'idata adadi kaɗan, a lokaci sananne, ta hanyar da hukumar gidan ta amince. In baƙuwar lamba ta kira cewa a tura kuɗi yanzu-yanzu ko a illata shi, kada a tura sai an ji daga bakinsa ko lauya ya tabbatar.

Yawancin mutane kuma ba su san ɗaurarre yana da haƙƙi ba, sai su riƙa roƙon abin da yake nasa ne. Akwai ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya guda 122 da aka sabunta a 2015, ana kiransu da sunan Nelson Mandela. Sun ce a bar ɗaurarre ya yi hulɗa da iyalinsa ta ziyara da wasiƙa, kada a mai da hana shi ganinsu horo, a duba lafiyarsa kyauta, a bar shi ya sanar da gida in an sauya masa gidan yari ko ya yi ciwo mai tsanani, kuma kada a killace shi shi kaɗai fiye da kwana 15 a jere. Mata suna da nasu ƙarin, ƙa'idojin Bankok na 2010. Ba kowane gidan yari ke cika su ba, wasu ko kusa ba su yi ba, amma koken da aka rubuta aka ambace su, aka riƙe kwafi, ya fi hayaniya a bakin ƙofa nauyi. Hayaniyar ma shi za ta dawo wa bayan kun tafi.

Sauran a taƙaice. Kada a tattauna shari'a a waya ko a wasiƙa, ana iya saurare ana iya karantawa; wannan maganar lauya ce. Kada ka karɓi saƙon wani ka shiga da shi ba ka san abin da ke ciki ba, kuma kada ka yi sumogar waya, sai a kama ku ku biyu. A tambayi ranakun ziyara da abin da aka yarda a shiga da shi kafin a kama hanya, a riƙe katin shaida. In yana shan magani kullum, a kai takardar likita tun makon farko, tarin da ya wuce mako biyu kuma a matsa a yi gwajin tarin fuka, don cunkoso yana yaɗa shi. Kada a ce wa yara babansu ya yi tafiya, za su ji a bakin 'yan makaranta. A faɗa musu daidai hankalinsu.

Fitowa ma ana shirya mata tun saura watanni: inda zai kwana, takardun shaidarsa, abin da zai kama. In da can yana shaye-shaye, a sa ido sosai a makonnin farko, domin jikinsa ya manta da adadin da ya saba, kuma abin da yake sha a da yana iya kashe shi yanzu.