Matza brai da salsa irin ta Meziko: inda ake yawan ɓata shi

Matza brai karin kumallo ne na Yahudawan Ashkenazi, asalinsu tsakiya da gabashin Turai, sun fi yinsa lokacin Idin Ƙetarewa da ba sa cin duk wani burodi mai yis. Matza ɗin wani busasshen burodi ne fale-fale kamar biskit, fulawa da ruwa kawai, sai a jiƙa a soya da ƙwai. A Amurka wasu suka fara zuba masa salsa, wato miyar tumatir mai yaji, da fiya da cuku saboda yana kama da cilakiles na mutanen Meziko, wato soyayyen burodin masara fale-fale da ake zuba wa salsa, kuma gaskiya haɗin ya yi.

Babbar matsalar ruwa ce. Mutane sai su tsoma matza a kwano su tafi yanka albasa, kafin su dawo ya zama kunu. Sakan 20 zuwa 30 ya isa, ki kakkarya shi manya-manya ki watsa ruwa ki tsane a kwando ki ɗan matse da hannu, ya yi laushi a waje amma tsakiya da ɗan ƙarfinsa. In kin riga kin wuce gona da iri to ƙaro busasshe ki cakuɗa. Ƙwai ɗaya ga falle ɗaya, in kika labta ƙwai wainar ƙwai kika yi ba brai ba.

Sai salsa, nan ma ruwan ne. Kar ki juye ta cikin ɗanyen ƙwai, tumatir zai saki ruwa komai ya caɓe. Ki dafa ta daban da albasa da tafarnuwa har ta yi kauri, ki soya matza ɗin a bota ya ɗan yi ja kafin ki zuba ƙwai, wuta matsakaiciya, ki sauke tun ƙwan na da ɗan danshi don zafin kasko zai ƙarasa, sannan salsa ta hau kai a faranti. Fiya da lemon tsami da ganyen koriyanda su ma sai an sauke.

Yaji kuma a yi hattara, barkonon halapenyo da suke sawa bai kama ƙafar attaruhunmu ba, in attaruhu za ki sa kwata ya isa ki cika da koren tattasai. Ki ɗanɗana gishiri, matza na idi ba gishiri a cikinsa sam.

In baƙi Yahudawa za ki yi wa, ban da coriso, wato sosej ɗin Meziko mai yaji, yawanci naman alade ne, mu ma ba namu ba ne. Ko naman sa ne masu kiyaye dokar addininsu ba sa haɗa nama da cuku ko bota, in da kitsen kaza kika soya to cuku ya fita. Wake da masara ma Ashkenazi da yawa ba sa ci a kwanakin idin, gara ki tambaya tun kafin ki ɗora kasko.