Yadda ake cin abincin rana a bukar Yarbawa a Legas

Mai kasuwa a Mile 12, da mazaunin Agege ko Idi-Araba, ba sa rasa mai tuwon shinkafa da miyar kuka a kusa da su. Amma ranar da harka ta kai mutum Surulere, Yaba ko cikin tsibirin Ikko, azahar ta riske shi a can, abin da zai tarar shi ne buka, gidan abincin gargajiyar Yarbawa. A nan babu mai zuwa teburinka ya tambaye ka abin da za ka ci. Da bakinka za ka haɗa kwanonka a gaban tukwane, kuma abin da ludayi ya riga ya zuba ya zama naka, ba a mayarwa.

Ka je tsakanin sha biyu da ɗaya na rana. A lokacin miya ba ta daɗe da sauka ba, nama yana nan iri-iri, amala kuma ana tuƙawa ana kwashewa. Bayan uku sai ragowa. Amala Shitta a Surulere da White House a Sabo ta Yaba sun yi suna, amma ba sai ka nemi mai suna ba. Ka duba abu biyu kawai: ko akwai layi, domin inda ake ciniki abinci ba ya kwana, da kuma yadda ake wanke kwanuka. In ka ga baho ɗaya mai ruwan manja ake tsoma kowane kwano a ciki, yi gaba abinka.

Tuwo ake fara zaɓa. Baƙar amala daga garin busasshiyar doya ake yin ta, ita ce ainihin abin da ake zuwa buka dominsa. Farar kuwa, wadda ake kira lafun, ta garin rogo ce, tana da ɗan tsami. Akwai teba, akwai sakwara, akwai semo. Da mara ake kwasar amala, kuma kowace kwasa da kuɗinta, girmanta ya danganta da gidan. Ka kalli ta wanda ke gabanka kafin ka faɗi adadi. Inda kwasar take ƙarama, uku ko huɗu sun ishi babban mutum. Inda take malmala sosai, biyu ma sun yi. Gara ka fara da kaɗan ka ƙara, saboda amala in ta huce tana yin tauri da ɓawo a sama, daɗinta ya tafi.

Sai miya, kuma a nan ne baƙo ya fi rikicewa. Abin da ake kira abula, wanda mutanen Ibadan da Oyo suka shahara da shi, miya uku ce a kan amala ɗaya. Ta farko ewedu, wato ayoyo, da ake dafawa da 'yar kanwa da daddawar kalwa, a buge shi da guntuwar tsintsiya har ya yi yauƙi. Ta biyu gbegiri, miyar wake: a surfe waken, a dafa shi ya yi luguf, a tace, a sa manja da daddawa. Ta uku jar miyar tattasai da attaruhu, wadda nama ke kwance a cikinta. Biyun farko ba su da yaji sosai. Duk zafin yana cikin ta ukun, don haka ita za ka sa wa ido. Ka ce a zuba rabin ludayi, in ya kai yadda kake so ka ɗaga hannu ka ce "o ti to", wato ya isa. Mai gyambon ciki ya ce a tsame masa nama kawai, a bar jar miyar.

Gbegiri ita ce ke fara lalacewa, domin wake da zafin Legas ba sa shiri. In ka ga tana kumfa alhali ba a kan wuta take ba, ko ka ji ɗan tsami a loma ta farko, ajiye ta, kada ka ji kunyar kowa.

Kuɗin abincin buka yana wajen nama ne, ba wajen tuwo ba. Kowane yanki da farashinsa, kuma matar da ke riƙe da cokali hannunta da sauri. Ka nuna da yatsa, ka tambayi kuɗin kowanne kafin ya faɗa kwanonka. Ogunfe naman akuya ne, yana cikin masu tsada. Shaki tumbi ne, ponmo ganda, bokoto ƙafar saniya, fuku huhu. In ka ce a haɗa maka kawai ba ka faɗi adadi ba, za ka ga yanka biyar a kwano, kuɗin naman ya ninka na tuwon. Yanka biyu, ɗaya tsoka ɗaya ganda ko tumbi, sun wadatar. Gandar da ta yi kyau tana da laushi, ba ta da wari. Wadda ta kumbura fiye da kima an daɗe da jiƙa ta.

Maganar halal ba abin jin nauyi ba ce, kowa ya saba da tambayar. Masu buka da yawa Musulmi ne, za ka ji ana kiran uwar gidan Alhaja, kuma naman shanu a Legas akasarinsa daga mayanka irin ta Oko-Oba a Agege yake fitowa. Duk da haka ka tambaya. Elede shi ne alade, eran igbe naman daji ne wanda ba ka san yadda aka kashe shi ba, igbin kuma dodon koɗi. Abin lura shi ne wani gidan a tukunya ɗaya yake tara komai. In zuciyarka ba ta kwanta ba, ka nemi kifi, ka tabbatar tukunyarsa daban take. Gidan da ake sayar da bammi da giya a gefe ma da wuri ake gane shi daga kwalaben da ke kan tebur.

Ka gaida matar da "Mama" ko "Alhaja", ka ɗan rusuna in ta manyanta. Yarbawa suna riƙe gaisuwa da daraja kamar mu, kuma sau da yawa tana ƙara maka miya. Ka miƙa kuɗi da dama. Wasu gidajen kafin ka zauna ake biya, wasu sai ka gama. Yawancinsu suna karɓar tiransifa ko POS, amma ka riƙe ƙananan kuɗi, domin ranar da layi ya tsinke za ka tsaya hannu da manja kana jiran saƙon banki.

Wajen ci, ka wanke hannu da ruwan da aka zuba maka sabo, ba wanda wani ya riga ya tsoma hannu ba. Daga gefe ake gutsurar amala, tsakiyarta tana ƙona yatsu. Loma ƙarama, a dangwalo miya ukun tare, a juya hannu sau ɗaya don yauƙin ayoyo ya tsinke, a haɗiye. Mai farar shadda ya naɗe hannun riga ya sunkuya kan kwano, don manja ba ya fita da wanki ɗaya. Direba ko mai komawa shago ya bar sakwara sai dare, nauyinta yana jawo gyangyaɗi. Amala ta fi sauƙi a ciki.

In ɗauka za ka yi zuwa gida ko ofis, kada ka yarda a haɗa maka abula a roba ɗaya. A naɗe amala a ledarta tun da zafinta, ewedu daban, gbegiri daban, jar miya da nama daban. In kuwa hanyarka ta bi ta Oshodi ko gadar Third Mainland da yamma, inda gosulo kan riƙe mutum awanni, to ka bar gbegirin, ka ɗauki ewedu da jar miya kawai.