Daga saidaliyya zuwa likitanci, alhali makin sanawiyya bai kai ba

Wani ƙanen abokina ya turo min saƙon murya da daddare ina dawam, wato bakin aiki, a saidaliyya (kantin magani) nan Jidda, wai yaya na gama famasi amma har yanzu zuciyata na kan likitanci, ga makin sanawiyyata (sakandare) ba na nunawa ba ne, ta ina zan fara? Sai da na saurara sau biyu, don ni ma na taɓa yin wannan tambayar. Amsar ta fi ƙarfin saƙon murya shi ya sa na zauna na rubuta, wanda abin ya shafa ya ɗauka.

Abin da mutane ba sa son ji shi zan fara faɗa, digirin famasi ba ya goge takardar sakandare. Ni na koyi haka ne a tagar wata kulliya mai zaman kanta, na je da shahadata ta famasi a cikin leda na sa mata firam ma saboda ji da kai, matar da ke wurin karɓar takardu ko kallonta ba ta yi ba ta ture ta gefe da yatsa biyu ta ce ina ta sanawiyya, ina Tahsili? Wallahi gumi ne ya karyo min duk da sanyin mukayyif. Shekara da shekaru ina haɗa magani amma takardar da na ci ina yaro ita ake nema. Toh tun kafin ka kashe ko riyal ɗaya ka fito da duka takardunka ka baje su a tabarma, ta sanawiyya, sakamakon Ƙudurat da Tahsili (jarrabawa biyu na shiga jami'a a Saudiyya), kashfin darajojin jami'a wato takardar makinka, fasfo da igama wato takardar izinin zama, ka kalli gaskiya ido da ido.

Sai ka tambayi kanka kai wane ne a takarda, don mu Hausawan nan kashi kashi ne. Akwai mai jinsiyyar Saudiyya, akwai wanda a Makka aka haife shi bai taɓa ganin Kano ba amma fasfonsa kore ne na Najeriya, akwai na Nijar da na Sudan da na Chadi. In kai ɗan ƙasa ne ka fara leƙa Jami'ar Sarki Saud bin Abdul'aziz ta kimiyyar lafiya, wadda ke ƙarƙashin Haras Watani, rundunar tsaron ƙasa, tana Riyad da Jidda da Ahsa. Kulliyar likitancinta da masu digiri ta fara, kuma a irin wannan hanyar mu'addalinka, wato matsakaicin makinka na jami'a, shi ke magana, ka riƙa duba sanarwarsu ta shekara ka ga ko an buɗe da kuma sharuɗɗan da suka sa. In kuwa igama gare ka kar ka ɓata lokaci a jami'o'in gwamnati, manha, wato tallafin karatun da ake ba baƙi, galibi ba ta haɗa da fannin lafiya. Abin da ya rage maka su ne na kuɗi, irin su Batterjee da Ibn Sina da Fakeeh a nan Jidda, Alfaisal a Riyad, Sulaiman Al Rajhi a Ƙasim, Rayyan a Madina.

Nan ne wurin da nake so ka tsaya sosai. Makin shiga a Saudiyya haɗa shi ake yi, wani kaso daga sanawiyya, wani daga Ƙudurat, wani daga Tahsili, shi ne nisba mauzuna, kuma kowace makaranta da yadda take raba kasonta. Sanawiyya ta riga ta wuce, amma sauran biyun ana sake zama, kuma su ne za su iya jan ka sama. Tahsili darasi huɗu ne, lissafi da fiziks da kemistri da bayoloji. Kai da ka yi famasi biyun ƙarshe abincinka ne, inda za ka sha wuya fiziks da lissafi don wallahi an manta, ni da na buɗe littafin ɗan yayata na aji uku sai na ga kamar ban taɓa zama a aji ba. Kar ka ji kunya, ka nemi yaron da ya zauna bara ya koya maka, ka ware awa biyu bayan Asuba kafin zafi da dawam su cinye ka, ka yi ta tsofaffin tambayoyi da agogo a gabanka. Turanci ma haka, wasu za su nemi IELTS ko TOEFL, ka tambaya tun da wuri.

Da can maganar nan ba ta da tsawo, sai a ce maka tafi Sudan, yaranmu da yawa a Jami'ar Afirka da ke Khartoum suka yi karatu. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 lissafin ya canza, Allah ya kawo musu zaman lafiya. Yanzu Masar aka fi nufa, shekara 5 karatu 2 imtiyaz wato horon aiki a asibiti, sai dai su ma makin sakandare suke fara dubawa a wurin wafidin, wato ɗalibai baƙi. Ingila na da na shekara 4 don masu digiri, da jarrabawar GAMSAT ko UCAT, can digiri mai kyau ya fi tasiri amma kuɗin sai ɗan gidan wane.

Mai fasfon Najeriya yana da wata ƙofar da ake rainawa, Direct Entry ta JAMB, a sa ka aji biyu na digirin likitanci MBBS ka yi shekara 5 maimakon 6, a irin su Bayero da ABU Zariya da Ɗanfodiyo Sakkwato. Amma ko nan sai ka kawo kiredit a Turanci da lissafi da fiziks da kemistri da bayoloji, da yawa kuma a zama ɗaya suke so. Daɗin abin WAEC da NECO suna da jarrabawar masu zaman kansu, ko gemunka ya fara fari za ka iya sake zama ka gyara. Takardun da ka yi a nan kuwa sai ma'aikatar ilimi ta tarayya ta tantance su, kuma gurbin kaɗan ne saboda hukumar likitoci MDCN ta ƙayyade wa kowace jami'a adadinta.

Duk inda za ka je, kafin ka ba dillali ko sisi ka nemi sunan makarantar a World Directory of Medical Schools, sannan ka bincika ko hukumar ƙasar da za ka yi aiki ta yarda da ita. A nan Hai'ar Takhassusat ce, mai ba ma'aikatan lafiya lasisi, da jarrabawarta SMLE, a Najeriya wanda ya karanto a waje sai ya zauna ta MDCN. Dillalan nan bakinsu zuma, har da cewa za a yafe maka shekara uku saboda famasi. Ka ce a rubuta maka a takardar jami'a da hatimi. Abin da aka saba shi ne a ɗauke maka 'yan darussa irin su famakoloji da bayokemistri, wani lokacin ma ko ɗaya, ilimin sassan jiki kuwa da duba mara lafiya daga farko za ka faro. Ka tafi da bayanin darussan da ka yi mai hatimin kulliyarku, da shi ake mu'adala, wato a kwatanta darussanka da nasu.

Sai lissafin gida. Likitanci a nan shekara 6 ne sai kuma ta imtiyaz, ba kuma karatun da ake haɗawa da cikakken dawam ba ne, ga igamarka in a kan kamfanin saidaliyya take ranar da ka ajiye aiki ita ma ta shiga wani hali. Kar ka miƙa istiƙala, wato takardar ajiye aiki, sai takardar karɓa ta zo hannunka ka kuma san wa zai riƙe igama wa zai riƙe cefane, ka zauna da Baba da Hajiya, in kana da iyali da ita ma. Lasisinka na famasi ka ci gaba da sabunta shi. Wasu kuma in ka tona za ka ga ba likitancin suke so ba, tsayuwar kanta ce da sayar da madarar jarirai ta ishe su, irin waɗannan su leƙa famasi na asibiti, akwai horon ƙwarewa a ƙarƙashin Hai'a, ka zaga ɗakin marasa lafiya tare da likitoci.

Shi dai ƙanen abokin nawa na ce masa ya yi rajistar Tahsili da zarar an buɗe, ya je kulliyarsu ya karɓo kashfin darajoji da bayanin darussa a makon nan, ranar Juma'a bayan La'asar ya same ni da littafin fiziks.