Kurakuran masu koya wa matasa noman lambu a birni

Duk shekara labarin ɗaya ne. A samu fili a bayan makaranta ko saman bene, a tara samari da 'yan mata, a ɗauki hotuna, kafin wata biyu lambun ya koma hannun malam shi kaɗai. Sai a ce yaran yanzu ba su da juriya. Ni kuwa sau da yawa laifin malamin nake gani.

Babban kuskure shi ne mayar da matasa leburori. Malam ya zaɓi iri, ya auna tazara, ya sa ranar dashe, yaro kuma aikinsa ɗaukar bokiti da cire ciyawa. Wane ɗan shekara 15 ne zai yi ta zuwa yana wahala a kan abin da ba nasa ba? Ni kowa fangalinsa nake ba shi, mita 1 a mita 2, ko buhu uku, da sunansa a jiki. In ya cushe iri zan faɗa masa sau ɗaya, in yi shiru. Ranar da ya ga latas ɗinsa ya yi siriri, na maƙwabcinsa ya buɗe ganye, da kansa zai durƙusa ya tsige. Gani ya kori ji. Wasu malaman ba sa iya kallon shuka tana lalacewa, sai su lallaɓa da yamma su gyara. Ku bari! Shukar kuka ceta, yaron bai koyi komai ba.

Kuma kada a fara da tumatir ko kabeji, masu cin wata biyu zuwa uku bayan dashe. A fara da alayyafo, mako 3 zuwa 4 an yanka. Wanda ya kai gida abin da hannunsa ya shuka zai iya jiran tumatir.

Kuskure na biyu, wanda har yau in na tuna raina ke ɓaci, ɗanyen taki. Wani mai taimaka mana ya kawo buhunan kashin kaji sabo fil, cikin kyakkyawar niyya, aka zuba a gindin dashen da yara suka yi makonni suna reno. Warin har yaji yake a ido. Kafin mako ya zagayo bakin ganyen ya ƙone, kararen sun kwanta ɗaya bayan ɗaya. Shukar ta tafi, yara da dama ma ba su sake dawowa ba. Sinadarin amoniya da gishirin da ke cikin ɗanyen kashi su ke ƙona saiwa. Ga kuma ƙwayoyin cuta irin su salmonela, alhali latas ɗanye ake ci. Ba banza ba dokar noma marar sinadari ta Amurka ta sa kwana 120 tsakanin zuba ɗanyen taki da girbin abin da ke taɓa ƙasa, kwana 90 ga wanda ba ya taɓawa. Ni dai na fi su tsanani: takin da bai ruɓe ba ba ya shiga fangali, ko na wane ne. Muna tara shi gefe, busasshen ganye kashi uku, ɗanye da kashin dabba kashi ɗaya, a yayyafa ruwa, a juya duk mako. Cikinsa yakan yi zafi ya haura digiri 55. Sai ya huce, ya yi baƙi, warin ya tafi, sannan yara su ɗiba.

Ƙasar birni ma ba abar yarda ba ce. Sai a 2021 duniya ta gama daina sayar da man mota mai dalma, ƙarfe mai guba, dalmar kuwa tana nan kwance a ƙasar bakin manyan tituna da gindin gine-gine masu tsohon fenti. In ba a gwada ƙasar ba, a yi shuka a buhu ko akwati da ƙasa mai tsabta, a wanke hannu bayan aiki. Ruwan kwata kuwa ko kusa.

Sauran ƙanana ne. Bokitin da ba a huda gindinsa ba ruɓar da saiwa yake yi. Tumatir da barkono na son rana awa 6 ko fiye, ba a ajiye su a inuwar katanga. Ban ruwa ba da agogo ba ne, a tura yatsa cikin ƙasa, in da danshi a bari. Tumatir, barkono, gauta da dankalin turawa dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya, in an girbe ɗaya a shuka wake a fangalin kafin a sa wani. Irin da aka rubuta F1 a jikin ledarsa, wato wanda aka samar ta hanyar aurar da iri biyu, ba a ajiye 'ya'yansa. Maganin kwari kuma ba na ba yaro ya fesa, tsutsa da hannu muke tsince ta.

Hutun makaranta ya kashe lambuna da yawa. Tun kafin a tashi a rubuta wa zai zo ran Litinin, wa zai zo ran Alhamis, da wanda zai maye gurbinsa in bai samu zuwa ba, a kuma rufe fangalai da busasshiyar ciyawa don ƙasa ta riƙe danshi.