Yadda za a bi da gajiyar da ta ƙi tafiya, da matsalar tayirod da adirinal, ta hanyar abinci da tsirrai

Duk wanda ya shafe watanni yana kwanciya da gajiya yana tashi da ita, har ta kai hawa matakalar ofis ko jawo guga a rijiya ya zame masa jan aiki, ya san irin shawarwarin da ke biyo baya. Wani zai ce shawara ce, a jiƙa masa saiwa, wani ya ce taifod ne, a je kemis a karɓo haɗi, wata kuma ta ce a nemi tofi domin abin ya yi kama da sammu. A 'yan shekarun nan intanet ta ƙaro sunaye biyu, wato tayirod da adirinal, wasu 'yan halittu a wuya da saman ƙoda masu fitar da sinadaran da ke tafiyar da aikin jiki, masu tallar magani a Facebook da WhatsApp kuwa sun karɓe su hannu bibbiyu. Abinci mai kyau da isasshen barci da wasu tsirrai suna da amfani na gaske ga mai wannan lalura, amma amfanin nasu yana zuwa ne bayan an san ainihin abin da ke cin jikin, don haka daga nan ya kamata a fara.

Matakin farko shi ne gwajin jini, kuma ba sai an fara da mai tsada ba. A Zariya da kewayenta, abubuwan da suka fi kawo doguwar kasala su ne ƙarancin jini, zazzaɓin cizon sauro mai yawan dawowa, ciwon sukari, ciwon hanta, tarin fuka, ciwon ƙoda, cutar ƙanjamau da kuma damuwa mai tsanani, wadda mutanenmu ba su cika ɗaukarta a matsayin ciwo ba. Yawancin waɗannan ana iya auna su a Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan ko a ɗakunan gwaji na cikin gari. Idan ba a ga komai ba, sai a nemi likita ya rubuta gwajin TSH, wanda ke nuna ko tayirod na aiki daidai, a haɗa da na T4, sinadarin da tayirod ɗin ke fitarwa, idan sakamakon ya kauce. Wanda aka ga matsala a nasa gwajin, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ne wurin da zai samu likitocin da suka ƙware a wannan fanni. Kafin a je gwajin a dakatar da ƙwayoyin gyaran gashi da farce masu ɗauke da bitamin ɗin da ake kira bayotin na 'yan kwanaki, domin suna iya rikita sakamakon.

Maijego tana bukatar kulawa ta daban. Tun a shekarun 1970 likitocin jami'ar suka yi rubuce-rubuce a kan yawan ciwon zuciya da ke kama matan Zariya bayan haihuwa, suka kuma danganta shi da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a kan gado mai zafi. Saboda haka maijegon da ke haki, ƙafafunta suna kumbura, ba ta iya kwanciya sai an tokare mata baya da matasai, asibiti za a kai ta a ranar, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. Haka ma wadda ta zubar da jini mai yawa wajen haihuwa, daga baya nono ya ƙi zuwa, haila ta ɗauke, jiki ya mutu, ya kamata a gaya wa likita tarihin haihuwar, domin zubar jinin kan lalata wata 'yar halitta a ƙasan ƙwaƙwalwa wadda ke ba tayirod da adirinal umarni.

Tayirod wata 'yar halitta ce a gaban wuya, ƙasa da maƙogwaro, kuma sinadaran da take fitarwa su ke daidaita saurin aikin jiki. Idan ta yi sanyi, mutum zai riƙa jin ɗari ko a zafin Afrilu, ya yi ƙiba ba tare da ya ƙara cin abinci ba, fata ta bushe, gashi ya zube, bayan gida ya yi tauri, mantuwa ta yi yawa, mace kuma jinin hailarta ya ƙaru. Idan ta yi zafi da yawa sai a ga akasin haka: rama duk da yawan ci, faɗuwar gaba, gumi, rawar hannu, rashin barci, wani lokaci har idanu su firfito. Akwai dubawa mai sauƙi da za a iya yi a gida. A tsaya gaban madubi inda haske yake, a ɗan ɗaga haɓa, a kurɓi ruwa a haɗiye ana kallon ƙasan maƙogwaro, idan an ga wani kumburi ya hau ya sauka tare da haɗiyar, to a nuna wa likita. Maƙoƙo ba ya nuna ko tayirod ta yi sanyi ko ta yi zafi, jini ne kaɗai ke faɗa, kuma wannan ne dalilin da ya sa maganin gargajiya guda ɗaya da aka ce yana warkar da kowace irin matsalar tayirod ba abin yarda ba ne.

Abin da tayirod ke bukata daga abinci, mafi girmansa aidin ne. Baligi na bukatar maikurogiram 150 a rana, mai ciki da mai shayarwa kuwa 250. Nijeriya ta wajabta sanya aidin a gishirin ci tun 1993, kuma wannan ya rage maƙoƙo ƙwarai a ƙasar. Sai dai gishirin da aka zazzage a faranti a kasuwar Sabon Gari, rana na dukansa, damina na jiƙa shi, ana aunawa da gwangwani, babu mai tabbatar da yawan aidin da ya rage a cikinsa. A sayi na cikin leda wanda aka rubuta cewa yana da aidin, a juye a kwalba ko roba mai murfi, a ajiye nesa da murhu. Wannan ba izinin ƙara gishiri a miya ba ne, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya wuce giram 5 a rana, kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya ke nan, hawan jini kuwa ya riga ya yi mana yawa. Kifin teku, ƙwai, madara da nono su ma suna ɗauke da aidin. Ƙwayoyin aidin da garin ciyawar teku da ake tallatawa kuwa a guje su, domin yawan aidin yana iya tayar da ciwon, musamman ga wanda tayirod ɗinsa ta riga ta yi zafi.

Akan ji ana cewa mai maƙoƙo ya daina cin gero da rogo da kabeji. Maganar tana da tushe, amma an zuzuta ta. Gero yana da sinadaran da ke rage wa tayirod ƙarfi, sai dai illar tana bayyana ne inda aidin ya yi ƙaranci kuma geron ne kusan dukkan cimar mutum. Wanda ke amfani da gishiri mai aidin, yana sauya tuwon masara da dawa da shinkafa da wake, babu dalilin raba shi da fura ko kunu. Rogo mai ɗaci ne abin tsoro idan ba a jiƙa shi ya tsima ba, ba a kuma shanya shi ya bushe sosai ba. Kabeji kuwa dafawa na rage masa wannan illa.

Idan gwaji ya tabbatar da cewa tayirod ta yi sanyi, babu ganye ko saiwar da aka tabbatar tana maye gurbin ƙwayar lebotayiroksin, wadda ita ce ainihin sinadarin da jikin ya kasa samarwa. Inda dabara take shi ne a yadda ake shan ta. A ajiye ta da kofin ruwa kusa da sallaya, a sha da zarar an idar da sallar asuba, sannan a jira minti 30 zuwa awa ɗaya kafin koko ko shayi ya shiga ciki. Maganin ƙarin jini da ƙwayar kalsiyam a ba su tazarar awa 4, awara da madarar waken suya su ma kada su zo kusa da lokacin shan ta, domin suna hana hanji tsotse ta. Bayan mako 6 zuwa 8 da farawa ko da sauya adadi, a sake gwajin TSH. Mace mai shan ta idan ta samu ciki ta sanar da likita da wuri, domin yawanci akan ƙara mata. Da azumi kuma a sha kafin sahur da wannan tazarar, ko lokacin kwanciya idan an yi awa 3 da cin abinci. Wanda tayirod ɗinsa ta yi zafi aka ba shi kabimazol, idan zazzaɓi da ciwon maƙogwaro suka kama shi, ya dakatar da maganin ya je a auna masa jini a ranar.

Batun adirinal ne aka fi yi wa mutane rufa-ido a kansa. Wasu 'yan halittu ne guda biyu a saman ƙoda, masu fitar da kotisol da sauran sinadaran da ke riƙe ƙarfin jini da sukari da gishirin jiki. Maganar cewa wahalar rayuwa na gajiyar da su har su bukaci ƙwayoyin farfaɗowa, a Amurka aka ƙirƙiro ta a 1998, kuma ƙungiyoyin likitocin wannan fanni ba su amince da ita a matsayin ciwo ba. Ciwon adirinal na gaskiya shi ne wanda likita Thomas Addison ya bayyana a Landan a 1855, kuma a ƙasashe irin namu tarin fuka na cikin manyan abubuwan da ke kawo shi. Alamunsa su ne rama, jiri idan an miƙe tsaye, kwaɗayin gishiri, amai, da duhun da ke bayyana a layukan tafin hannu da dasashi da cikin kumatu. Ana gano shi da gwajin kotisol na safe, wajen ƙarfe 8 zuwa 9, maganinsa kuma haidurokotizon ne na tsawon rai, wanda likita zai koya wa mutum yadda zai ninka idan zazzaɓi ya kama shi. Mai wannan ciwo idan amai ya hana maganin zama a cikinsa, allura yake bukata cikin gaggawa, kuma kada ya ɗauki azumi sai ya zauna da likitansa.

A ganina, abin da ya fi kashe adirinal a unguwanninmu yana kan kantar kemis ne da cikin jakar kwalliya. Yarinya za ta shiga shago ta ce, "Malam, a ba ni na ƙiba," a ƙirgo mata deksa a ƙulla a leda. Dattijo mai ciwon gwiwa a haɗa masa firedinisolon cikin haɗin ciwon jiki, ya ji daɗi, ya mayar da shi na kullum. Waɗannan magunguna aikin kotisol suke yi a jiki, man bilicin da yawa ma suna ɗauke da irin waɗannan sinadarai masu ƙarfi, fata kuma na tsotse su. Idan jiki ya daɗe yana samun su daga waje, adirinal sai ta daina fitar da nata, ranar da aka yanke shan maganin kwatsam kuwa jini na iya faɗuwa har a rasa rai. Wanda ya yi makonni yana sha ko yana shafawa kada ya daina farat ɗaya. Ya ɗauki fakitin ko kwalbar ya kai wa likita, ya faɗi gaskiyar tsawon lokacin ba tare da jin kunya ba, a tsara masa yadda zai rage sannu a hankali.

Akwai kuma waɗanda duk gwaji zai fito lafiya amma gajiyar tana nan. Idan ta wuce wata 6, barci ba ya wartsakar da mutum, tunani ya yi nauyi, kuma ɗan aiki kaɗan yana kwantar da shi washegari ko jibi, likitoci na ɗaukar wannan a matsayin ciwo mai zaman kansa, wanda sau da yawa yakan biyo bayan wata rashin lafiya. Ba lalaci ba ne, kuma tilasta motsa jiki na iya ƙara shi, har hukumar da ke tsara ka'idojin jinya a Ingila ta janye shawarar ƙara motsa jiki mataki-mataki a 2021. Abin da ke taimakawa shi ne a riƙa kashe ƙarfi kamar yadda ma'aikaci ke lallaɓa albashi ya kai ƙarshen wata. A samu ɗan littafi a riƙa rubuta aikin da aka yi kowace rana da yadda jiki ya wayi gari, har a gane iyakar da idan an ƙetare ta ake kwanciya. A raba wanki da shara da zuwa kasuwa a ranaku daban-daban, a yi girki a zaune, a huta kafin gajiyar ta iso, a kuma yi haƙuri da wasu bukukuwa ko da dangi za su yi ƙorafi. Ranar da jiki ya ɗan yi daɗi ita ce mai haɗari, domin a ranar ne mutum ke son biyan bashin ayyukan mako guda.

Goro da shayi mai kauri da lemon ƙarin kuzari suna ɗaga mutum na ɗan lokaci, sannan su sace masa barcin dare, don haka a tsayar da su daga azahar. Shayi a kan abinci yana kuma rage ƙarfen da jiki ke samu don yin jini, gara a ba shi tazarar awa ɗaya. Ga mai ƙarancin jini, kwaɗon zogale da rama, alayyahu, wake, nama da hanta suna da amfani, musamman idan an bi su da lemo, gwaiba ko garin 'ya'yan kuka. Mai sikila dai kada ya sha maganin ƙarin jini mai ƙarfe sai da izinin likita, mai ciki kuma ta taƙaita cin hanta.

Zuma da habbatus sauda da citta ba su da laifi a matsayin abinci, sai dai mai ciwon sukari ya kula da zumar. Zoɓo na sauke jini, saboda haka mai jiri da ƙarancin ƙarfin jini ya rage shi. Ashwaganda, wata saiwa da ake shigowa da ita daga Indiya, tana iya ɗaga sinadaran tayirod, an kuma samu waɗanda ta taɓa wa hanta. Lambar NAFDAC a jikin maganin gargajiya tana nufin an duba ko yana cutarwa, ba shaida ce ta cewa yana warkarwa ba, wanda aka ɗura a gorar ruwa babu suna babu lamba kuwa babu mai sanin abin da aka narka a ciki. Duk wanda zai gwada wani tsiro ya gwada guda ɗaya a lokaci guda, ya rubuta ranar da ya fara a littafin nan nasa, ya kuma tafi da kwalbar duk ranar da zai ga likita ko mai harhaɗa magunguna, domin a duba ko tana karo da ƙwayoyin da yake sha.